Shaidar Mai Kifin Akwati

Shekara goma sha tara Hure ta yi a Jidda, kuma ranar da ta dawo ƙauyensu da ke gefen Gafasa ba ta zo da ko ƙwayar dabino ba. Kamen marasa takarda ne ya rutsa da ita a bakin titi, aka sa ta a jirgi daga ita sai zanen jikinta da silifas. Mata suka yi ta tururuwa zuwa yi mata sannu da zuwa, kowacce tana sa ran kurɓin zamzam, suka tarar babu zamzam, babu carbi, ko haƙorin Makka babu a bakinta. Labari kawai ta zo da shi. Shi ɗin ma da ta san abin da zai jawo mata, wataƙila da ta bar shi a cikinta, ko da yake wanda ya san Hure ba zai yi rantsuwa a kan haka ba.

Ƙanenta Datti ne ke riƙe da gidan da mahaifinsu ya bari, da gonar. Ya sa aka kwashe buhunan gero daga tsohon ɗakin mahaifiyarsu aka share mata, kuma babu majalisar da ya zauna a ƙauyen bai ba da labarin wannan alheri nasa ba.

Wata rana da hantsi mata suna ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida, aka tambaye ta aikin da ta yi a can. Ta ce gyaran kifi ne, a bayan babbar kasuwar kifi da ke bakin Bahar Maliya. Mai saye ya sayo, ita ta kankare, ta farke, ta wanke. Ta ce babu irin kifin da wuƙarta ba ta ratsa ba, in ban da guda ɗaya. Larabawa na ce masa Abu Sanduƙi, ita kuwa kifin akwati take ce masa, don kusurwa huɗu gare shi. Jikinsa tauri ne kamar ƙwarya, da zane irin na saƙar zuma, ba ya lanƙwasa, ido da baki da wutsiya da 'yan fukafukai ne kaɗai ke motsi. A cikin duwatsun murjani yake zama. In aka tsorata shi sai ya saki dafi daga fatarsa, duk kifin da ke bokiti ɗaya da shi ya mutu.

Matan suka yi dariya har wata ta kifar da tiren gyaɗa. Kafin la'asar labarin ya kai bakin masallaci, kafin Juma'a ya kai kasuwa. Daga nan duk wanda ya shara ƙarya a ƙauyen sai a ce masa wannan kifin Hure ne. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta san yunwa, ta san ɓuya, ta san wulaƙancin ƙasar wasu, amma ba a taɓa kiran ta maƙaryaciya ba sai a gida. Duk da haka ba ta rage ko kusurwa ɗaya ba. Wanda duk ya tsokane ta sai ta sake ba shi labarin daga farko, tana kallon tsakiyar idonsa.

Ana nan sai maganar iyaka ta taso. Gonar gidansu tana maƙwabtaka da ta gidan Hamma, wani Bafulatani da ya sayar da shanunsa ya zauna noma tun zamanin mahaifinsu. Hamma ya rasu, ɗansa Yusuf ma ya bi shi, aka bar matar Yusuf, Hanne, da 'ya'ya mata uku. A da jerin gamba ne ya raba gonakin biyu. To Datti da shanu yake huɗa, kuma garmarsa tana da wata irin ɗabi'a: kowace damina sai ta ɗan kauce gabas ta ci kunya ɗaya. Kunya ɗaya ba abin da za a tara mutane a kai ba ne, shi ya sa ba a taɓa tarawa ba. A hankali gamba ta ɓace. Bana da ruwan shuka ya sauka, Hanne ta je gona ta tarar ɗorawar da take samun kalwar daddawa ta koma cikin gonar Datti, har ya aiko a gaya mata kada 'ya'yanta su sake taka masa shuka.

Hanne ta kai kuka wurin Mai Unguwa Inuwa. Aka nemi dattawan da suka ga ranar da aka dasa gambar, aka tarar duk sun kwanta dama. Sai Hanne ta tuna surukinta ya taɓa cewa akwai wata yarinya da ta kawo musu fura a ranar, ta tsaya har aka gama. Yarinyar nan ita ce Hure, tana da shekara goma sha biyu a lokacin.

Ana gobe za a zauna, Datti ya shigo ɗakinta bayan la'asar, abin da bai saba ba. Ya tambayi lafiyar ƙafarta, ya ce zai sa a gyara mata rufin da ke yoyo, sannan ya gangaro kan abin da ya kawo shi. Ya ce ba ya neman ta yi ƙarya, Allah ya kiyaye, kawai ta ce abin ya daɗe, ba ta tuna ba. Hure ta ce masa tana tuna har launin ƙwaryar furar. Ya tashi ya fita bai yi sallama ba.

Washegari zauren Mai Unguwa ya cika, don rigimar iyaka ba ta rasa 'yan kallo, balle an ji ya da ƙane ne za su kara. Hure ta zauna a gefen mata kusa da Hanne. Da aka ba ta dama ta fara, sai Datti ya ɗaga hannu, ya yi murya irin ta mai jin nauyi.

"Ranka ya daɗe, Yayata ce, ciki ɗaya muka fito, ba zan ci mutuncinta ba. Amma macen da ta rantse ta ga kifi mai kusurwa huɗu kamar akwatin lefe, a kan maganarta za a yanke mini gona?"

Zaure ya ɗauki dariya. Wani malamin firamare da ke wurin ya danna wayarsa ya ce ga hoton kifin nan, akwai shi. Datti ko kallon wayar bai yi ba, ya ce a wayar nan ya ga akuya tana karanta labarai. Aka sake fashewa. Sai Mai Unguwa ya juya ga Malam Haruna, mai kawo busasshen kifi ƙauyen a bayan babur, wanda ya shekara talatin yana wannan sana'a. Malam Haruna ya gyara zama ya ce ya san tarwaɗa, ya san karfasa, ya san ragon ruwa da gargaza, kuma kifi ko wane iri ne lanƙwasa yake yi, da haka yake iyo. Abin da ba ya lanƙwasa ba kifi ba ne.

Mai Unguwa Inuwa mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa rai, irin wanda in ya raba faɗa sai kowa ya tafi yana zaton shi ya yi nasara. Ya ce a ɗage zama zuwa mako guda. In Hanne ta samo wani mai shaida, to. In ba ta samo ba, kowa ya ci gaba da noma inda yake nomawa. Hanne ta sunkuyar da kai, don ta san babu wani mai shaida a bayan ƙasa.

Hure ta miƙe tsaye, abin da mata ba sa yi a wannan zaure.

"Ranka ya daɗe, in na kawo kifin nan na ajiye a gabanka, za a karɓi maganata?"

"In kika kawo shi, Hajiya, za a karɓa."

Da fara'a ya faɗa, yana ganin ya rufe maganar ke nan.

Abin da babu wanda ya sani shi ne wata biyu da suka wuce saƙo ya zo wa Hure daga Gaya. Adawiyya, wadda suka yi zaman ɗaki ɗaya a Jidda, ta dawo gida da kanta, da kayanta, kuma ta taho da 'yar jakar da Hure ta bari. Hure ba ta je karɓa ba. Ta san abin da ke cikin jakar, kuma ba ta shirya ganinsa ba.

Ranar Talata ta hau babur tun da safe. Ruwa ya yi kwana biyu yana zuba, hanya duk taɓo, sau biyu tana sauka ta taka da ƙafa mai babur yana turawa. Ko'ina mutane sun duƙa suna shuka. Ta isa Gaya zanenta ya yi jajir har gwiwa, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan.

Adawiyya ta rungume ta, suka yi kuka, suka yi dariya, aka kawo shinkafa da wake. Sai da suka ci suka wanke hannu sannan aka jawo jakar daga ƙarƙashin gado. Zannuwa biyu ne a ciki, da wuƙar aikinta, da wani abu a naɗe cikin tsohon rawani. Hure ta warware shi a hankali. Ga shi nan, bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba, launinsa ya koma ruwan ƙasa, ɗigon jikinsa ya dushe, ɗan bakin nan a tsuke kamar mai shirin fito.

Mijinta Abdulmumin ne ya kawo mata shi. Shi ya kai ta ƙasar, yana aikin sauke kifi daga jiragen masunta. Wata rana ya shigo da bokiti yana dariya, ya ce ta zo ta ga wanda ya fi ta taurin kai. A lokacin rawaya ne mai haske, yana ta kaɗa 'yan fukafukansa yana juyi a wuri ɗaya. Kwana ɗaya ya yi ya mutu. Ta ɗura masa gishiri ta baki, ta shanya shi a saman soro har ya bushe ƙamas. Bayan shekara uku Abdulmumin ya kwanta ciwon ƙirji, aka binne shi a can, a makabartar da ba za ta sake gani ba. Ba su da ɗa a raye, ba ta da hotonsa. Wannan kifi da rawanin nan su ne abin da ya rage mata na aurenta.

Da ta ba Adawiyya labarin abin da ya kawo ta, Adawiyya ta ce ta rufa wa kanta asiri. Gonar ba tata ba ce, Hanne ba 'yar uwarta ba ce, kuma wanda za ta kunyata shi ke ba ta tuwo. Ta ce in ma zaman ƙauyen ya ishe ta, ga ɗaki nan a Gaya, su kama soya kifi tare a bakin tasha. Hure ta yi godiya har zuciya, ta naɗe kifinta. Ta ce in ta gudu yanzu, sunan da za a bar wa kabarinta ke nan, maƙaryaciya, kuma yaran Hanne su tashi ba ɗorawa.

Ranar zama na biyu har daga Toranke aka samu waɗanda suka zo kallo. Hure ta shigo da ƙunshinta, ta durƙusa, ta warware rawanin a kan tabarmar Mai Unguwa. Kowa ya miƙo wuya. Mai Unguwa ya yi bisimilla ya ɗauka da yatsu biyu, ya juya shi, ya ƙirga kusurwoyin da babban yatsa, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu, wasu na karɓa, wasu na janye jiki. Datti ya sha jinin jikinsa, ya kasa zama wuri ɗaya.

Da abin ya iso hannun Malam Haruna, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kai kunne ya girgiza, ya shinshina. Shekaru sun riga sun kwashe ƙarnin, sai ƙanshin turaren jaka. Mutumin da ya yi hukunci a gaban jama'a mako guda da ya wuce ba zai so ya janye ba, kuma a gaskiya shi bai taɓa taɓa kifi mai amo kamar gora ba. Ya ce aiki ne mai kyau, Allah ya sa wa mai hannun albarka, amma aikin dukawa ne. Itace aka sassaƙa, aka ja masa fata, aka buga masa zane, aka liƙa wutsiyar wani kifin. Irin kayan da ake yi ana sayar wa alhazai ne.

Datti ya samu bakin magana. Ya ce ai shi ya san za a yi haka, tunda a Gaya ma akwai dukawa, kuma an ga Yayarsa ta tafi Gaya ranar Talata. Masu dariya suka dawo da dariyarsu, har ta fi ta farko, saboda yanzu ba ƙarya kaɗai ake zarginta da ita ba, har da haɗa baki. Mai Unguwa ya fara gyaran murya irin na mai shirin sallamar jama'a.

Hure ta karɓi kifinta. Ta ji tsoro, don ta riga ta ga abin da ya rage mata ta yi. Ta juya ta ce wa Hanne ta shiga cikin gida ta aro mata taɓarya. Hanne ta yi turus, ta ce a hankali, "Inna Hure, ki bar shi. Allah ya fi su." Hure ta ce taɓarya ta ce.

Aka kawo. Ta ajiye kifin a kan daɓen zauren, ta ɗaure mayafinta a ƙugu kamar mai shirin daka. Bugun farko ya zame, kifin ya yi tsalle ya bugi ƙafar wani dattijo. Ta jawo shi ta sake saitawa. A bugu na biyu ya tsage, a na uku ya rabe gida biyu, gishiri ya watsu a ƙasa.

Babu itace a ciki. Busasshen nama ne ya manne a jikin ɓawon, baƙi-baƙi, ga ƙashin baya siriri ya taho daga kai har wutsiya. Sannan ƙarni ya tashi, tsohon ƙarnin da ya shekara goma sha biyu a kulle, ya cika zauren har na bakin ƙofa suka toshe hanci. Malam Haruna ya tsuguna, ya zare ƙashin, ya ɗaga shi wajen haske, ya ɗanɗana gishirin a harshensa. Mutum ne mai girman kai, amma ba marar tsoron Allah ba ne.

"Kifi ne," in ji shi. "Hajiya, ki yafe mini."

Hure ta kau da kai, don ta yi rantsuwa mutanen nan ba za su ga hawayenta ba. Ta tsuguna ta tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan ƙananan da suka shige ƙarƙashin tabarma, ta zuba a rawanin ta ƙulle. Sannan ta miƙe ta ba da shaidarta. Ta ce mahaifinsu ya jingina bayansa da ɗorawa, ya fuskanci yamma, ya yi taku bakwai, a nan Hamma ya soka sanda, a nan aka dasa gamba. Ɗorawa ta gidan Hamma ce, da abin da ke gabas da sandar.

Mai Unguwa ya ga babu sauran wurin laɓewa, ya ce a tashi a je gona. Aka ɗunguma. Wani dogo ya jingina da ɗorawar ya yi taku bakwai, aka haƙa wurin da fartanya, sai ga ruɓaɓɓun saiwoyin gamba a ƙarƙashin huɗar Datti. Kunya goma sha ɗaya aka mayar wa Hanne, da geron da ya riga ya tsiro a kai. Hanne ta zauna a gindin ɗorawar ta rufe fuska da mayafi.

A hanyar komawa mutane suka yi ta ja da baya, suka bar ya da ƙane su biyu a gaba. Babu mai tsokanarta yanzu, amma babu wanda ya matso kusa da ita, don kowa ya san Datti, kuma kowa ya san a gidan wa take cin tuwo. Sun kusa ƙofar gida ya tsaya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda na baya za su ji duk da haka.

"To Yaya, kin yi gaskiya, kin huta. Yau a gidan wa za ki kwana?"

Hure ta dube shi. Ita ta goya shi, ita ta koya masa tafiya a wannan tsakar gida, kuma ta san daga yau ba ta da ƙane. Abin ya soke ta fiye da fasa kifin.

"A ɗakin da aka haife ni, Datti. Uban da ya haife ka shi ya haife ni. Kuma tunda Mai Unguwa ya riga ya san hanyar gonar, gobe sai ya dawo da igiyar awo a fitar mini da gadona."

Ta raɓa shi ta shiga gidan. Da magariba ba a aiko mata da tuwo ba. Ta jera duwatsu uku a ƙofar ɗakinta, ta hura wutarta.